Akwatin magani na mafarautan Kanada: zai yi aiki a rugage arewa da Dakoro?

Inna Majo:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ma'aikaciyar jinya ce ni a wata ƙaramar likita ta ƙauye arewa da Dakoro, a jihar Maraɗi ta Nijar. Ƙanena da ke karatu a Kanada ya ce mini akwai wata ƙabila, Kri, can arewacin Kebek, da jirgin sama ake ɗauko marasa lafiyarsu, kuma mafarauta kan shiga daji da akwatin magani. Jirgin dai na bar musu. Akwatin nake tambaya: me ke ciki, wa ke buɗe shi? Mu nan mace mai zubar jini a amalanken shanu ake kawo ta, zanenta ya jiƙe sharkaf, an kwana a hanya.

Bamaraɗe a Montreyal:
Wa alaikumus salam Inna, gaskiya ya faɗa miki. Kri na Kebek suna da hukumar lafiya tasu ta kansu tun 1978, bayan yarjejeniyar da suka yi da gwamnati a 1975 lokacin da aka zo gina madatsun ruwa a ƙasarsu. Garuruwa 9 take kula da su. Asibitin yankin yana Cisasibi, sauran garuruwan ɗakin shan magani ne, abin da ya fi ƙarfinsu sai a tura garin Baldor ko nan Montreyal. Garinsu na can ƙurya, Wapmagustuwi, ko hanyar mota babu, sai jirgin sama, ko na ruwa in ƙanƙara ta narke.

Akwatin kuwa don masu tafiya sansanin daji ne, musamman lokacin farautar dinya, wajen Afrilu zuwa Mayu, da har makarantu ake rufewa. Ana koya wa mutum guda cikin iyali, a ba shi akwatin da magunguna da kayan ɗaurin rauni. Amma ba gaban kansa yake yi ba. Zai kira ma'aikacin jinya ta rediyo ko wayar tauraron ɗan adam, irin Turaya, ya faɗi abin da yake gani, a ce masa ba da kaza, ko kuwa a ce ga jirgi mai saukar ungulu nan tafe. Kuma kada ki ɗauka jirgin kullum yana zuwa. Hazo na hana shi tashi, kuma a gobarar dajin 2023 sai da aka rufe babbar hanyarsu, aka kwashe mutanen gari ɗungurungum.

Direban ambilas:
Ƙanena na Montreyal, ka faɗi abin da ya dame ni: kiran. Sau da yawa ina isa a makare ba don rairayi kaɗai ba, don sai da aka gama jiƙe-jiƙe da rubutu sannan aka tuna da mu. Ga wanda zai hau tudu neman rezo, wato sabis ɗin waya. A ba su akwati ba lambar da za a ɗauka da tsakar dare, banza ne.

Alhaji na Sabon Gari:
Ni tsorona daban. Akwatin nan wata uku ka gan shi ranar kasuwa bisa tabarma, ana sayar da ƙwaya ɗai-ɗai.

Inna Majo:
Alhaji, ranka ya daɗe, masu tallan magani a kan keke sun riga mu isa rugagen ai, kuma su ba wanda suke kira. Muna da ƴan sa-kai na ƙauyuka da aka horar kan masassara da zawo, har akwai maganin da ake sa wa yaro ta dubura in masassara ta yi tsanani kafin a kawo shi. Matsalar, su a gari suke zaune, makiyaya kuwa da damina sun yi arewa wajen Bermo. Abin da nake so, a horar da mace guda cikin kowane ayari, ta tafi da akwatin, da littafin ƙidaya da zan duba in sun sauko. Malam direba, kai da ka san hanyar, daga ina rezo yake yankewa?