Kafin Alhamis: me za mu kira "tahrirul jinat" da Hausa?

Maman Iman, Jidda: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis bayan Isha'i zan yi wa matan unguwarmu bayani kan sabon maganin sikila, Casgevy, wanda hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta amince da shi a Janairun 2024. Yawancinsu suna da yara masu amosanin jini, kuma tsofaffin cikinsu sai da Hausa magana ke shigarsu. Takardar da ke hannuna ta Larabci ce, nan ta ce "tahrirul jinat", can ta ce "ta'dil jini". Na karanta wa Innata, sai ta ce ai ƙarin jini ne, an sha yi wa jikanta. Kalmar "jini" ta Larabawa daban, tamu daban: tasu tana nufin abin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda maganin ke gyarawa. Ku agaza.

Abu Sadik: Gyaran ƙwayoyin halitta. Haka muke ji a rediyo.

Ɗan Mai Wurno: Yaya, kada ki kai kalmar halitta gaban tsofaffi. Wata za ta jawo miki ayar Suratun Nisa'i kan canza halittar Allah, daga nan taro ya tashi daga magani ya koma fatawa. Ki ce ƙwayoyin gado. Amma fa kada ki gajarta, don gyaran gado aikin safe ne a ɗaki.

Baba Malam, Makka: Duk kun yi nisa. Ƙwaya, ƙwaya, kamar masu auna gero. Muna da kalmarmu tun kaka da kakanni: tsatso. Gyaran tsatso. Gajeriya ce, ba aro, kowace tsohuwa ta san ta. Na daɗe ina faɗa ba a saurara.

Ɗalibar Likitanci, Riyad: Baba, a gafarce ni, kalmar tana da daɗi a kunne amma za ta cutar. Ga yadda aikin yake. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin, a kai su ɗakin gwaje-gwaje. Can a sa Kirisfa, wato fasahar da Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka ci kyautar Nobel a kanta a 2020, ta yanke wani ɗan wuri da ke hana jiki ci gaba da yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki. Wannan jinin ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Sai a ba majinyacin magani mai ƙarfi ya share ɓargo, a mayar masa da ƙwayoyinsa, ya yi makonni a asibiti. Abin da zai gadar wa 'ya'yansa kuwa ba a taɓa shi ba. Ko ya warke sarai, sikila tana nan a tsatsonsa. In Yaya ta ce gyaran tsatso, wata uwa za ta koma gida da tunanin an gama da gwajin kafin aure, wanda ya zama dole a ƙasar nan tun 2004.

Baba Malam: Ɗiyata, kimiyyarki na karɓa. Amma ku yaran da aka haifa a nan, Hausarku rabi Larabci ce, ku za ku yanke mana kalma?

Ɗan Mai Wurno: Haba Baba. Kakanninmu sun sauka bakin Nilu a Sudan fiye da shekara ɗari, har yau da Hausa muke yi wa yara faɗa. Kowa ya zo daga Kano sai ya ɗauka shi ya taho da harshen a jaka.

Abu Sadik: Ni abin da ke min ciwo, Balarabe ya ari "jin" daga Turanci ya yi mata jam'i ya wuce, ba wanda ya ce Larabci ya mutu. Mu kullum sai mun yi kokawa.

Baba Malam: Shi yana da cibiyoyin kula da harshe a Alƙahira da Dimashƙ masu tsare masa gida. Mu wa ke tsare mana?

Maman Iman: Don Allah a dawo. Kwana biyu ya rage min, kuma waɗannan matan sun kwana asibiti da yara suna kukan ciwon ƙashi.

Ɗalibar Likitanci: To Yaya, ga shawarata. Kanun magana: gyaran ƙwayoyin gado na cikin ɓargo. Ita kanta Kirisfa ki kira ta almakashi, Larabawa ma "almiƙassul jini" suke cewa, kuma mai ɗinki ta san ana yanka don a gyara. Sannan ki faɗa musu gaskiya tun farko: daga shekara 12 ake bayarwa, maganin share ɓargon yana iya taɓa haihuwa, kuma a Amurka kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne.

Baba Malam: Almakashi na yarda, wannan Hausa ce tsantsa.

Ɗan Mai Wurno: Baba, daga almiƙass ɗin nan muka aro ta.

Baba Malam: Ta daɗe a gidanmu, ta zama 'yar gida. Waccan doguwar kuwa, kalma shida, ba suna ba ce, jawabi ne. Ki yi da ita ranar Alhamis tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye tsatso ba. Ranar da suka fara taɓa abin da ake gadarwa, za ku neme ta.

Maman Iman: Na gode, Baba. Na rubuta, na kuma ja layi ƙarƙashin "na cikin ɓargo". Daren nan zan sake gwadawa a kan Inna.