Ganyen waken suya na yin rawaya daga ƙasa, me za a fesa?

Ɗan Dakace: Assalamu alaikum manyanmu. Waken suya na shuka ƙarshen watan Yuni, yanzu ya gama fure ya fara ɗaura kwanso, sai ga ganyen ƙasa yana yin rawaya yana zuba. Maƙwabcina ya ce yunwa ce, in watsa yuriya. Me kuka gani?

Baba na Shika: Wa alaikumus salam. Yaro, bar yuriyar nan tukuna. Waken suya da kansa yake samar wa kansa abin da yuriya ke bayarwa, takinsa sufa ne, shi ma tun wajen shuka. Ka tsinko ganye daga gindi ka juya bayansa, me ka gani?

Ɗan Dakace: Baba na juya. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana, ruwan ƙasa, sun ɗan taso kamar ƙurajen zafi. Na goga a farar rigata ya bar gari ja-ja.

Malamin Gona: To tsatsa ce. Garin nan da ya ɓata maka riga shi ne irin cutar, iska ke kwasarsa daga gona zuwa gona. Ba ta bin iri, don haka kada ka zargi wanda ya sayar maka. Abin da take so shi ne ganye ya kwana a jiƙe, awa 6 ko fiye, ga sanyi-sanyi. Markar Agusta da raɓar Satumba a nan Zazzau kuwa ai sun ishe ta. Daga ƙasa take farawa don can ne iska ba ta shiga, kafin mai kallo daga bakin gona ya lura ta kai tsakiya.

Mai Shago Sabon Gari: Ka zo ka ɗauki mankozeb, ga araha ga aiki.

Malamin Gona: Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Mankozeb a saman ganye yake zama, riga-kafi ne, ruwa mai ƙarfi yana wanke shi. Tunda ta riga ta shiga, mai ratsa ganye yake buƙata. Ka duba ƙaramin rubutun jikin kwalba, ba babban sunan ba: tebuconazole, propiconazole ko difenoconazole, in ka samu wanda aka haɗa da azoxystrobin ya fi. Ka bi ma'aunin da aka rubuta, kada ka rage don ya ishe ka. Bayan kwana 14 zuwa 21 ka sake dubawa, in ruwa bai ɗauke ba ka maimaita.

Mai Shago Sabon Gari: Shi ma akwai shi Malam, aljihun yaron na duba 😄

Baba na Shika: Ni abin da ke ba ni haushi yadda yaran feshi ke yi. Su ɗaga sanda sama su bi kunya da gudu, saman ya jiƙe, gindin a bushe. Ka tsaya a kansu, su tura bakin famfon cikin ganyen. Kuma a bari raɓa ta kaɗe, kada a yi in hadari ya haɗo. A rufe hanci da baki, a sa takalmin roba.

Ɗan Giwa: Ni kuma nawa tabon zagaye ne, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ja mai duhu, kuma babu gari. Ita ce?

Malamin Gona: A'a, wannan ita ake kira idon kwaɗo. Ita kam tana bin iri, tana kuma kwana a cikin tarkacen bara. Maganin da na faɗa yana yi mata, amma baɗi ka sa masara a wurin, ka wanke irinka da magani kafin shuka. Akwai kuma wata mai kama da tsatsa sosai wadda bakteriya ke kawowa, ita ba ta fitar da gari, maganin fangas irin wanda na faɗa ba ya taɓa ta. Wanda ya rikice ya sa ganye a ambulan ɗin takarda ya kai IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, kada ya ƙulle shi a leda ya ruɓe a hanya.

Hajiya Mai Awara: Don Allah ku ji maganar Malam. Waken da ganyensa ya zube da wuri mu muke gane shi a tukunya, ƙwayar tsamurarriya, madara kaɗan. Mai tabon shunayya ma ba na saye ko an rage mini kuɗi.

Baba na Shika: Hajiya ta faɗi gaskiya. Yaro, wane iri ka shuka?

Ɗan Dakace: TGx 1448-2E ne Baba, wanda muka saba.

Baba na Shika: Iri ne mai albarka, ba ya saurin fashewa a gona, amma tsatsa ba ta jin kunyarsa. Baɗi in Allah ya kai mu ka nemi TGx 1835-10E ko TGx 1987-62F, na cibiyar binciken noma ta IITA ne, suna jure mata. Na farkon ma yana nuna da wuri. Sai dai ka saya wurin da za a ba ka shi da takardar shaida a jikin buhu, ba na tiya a kasuwa ba.

Ɗan Giwa: Wanda nasa ya kusa nuna fa, ya fesa?

Malamin Gona: In ƙwaya ta cika kwanso, ganye ya fara rawayar tsufa, ya riƙe kuɗinsa. Na Dakace ne ke cikin lokacin haɗari, yanzu ƙwayarsa za ta fara cika.

Ɗan Dakace: Na gode, Allah ya saka da alheri. Alhaji, ka ajiye mini mai haɗin nan, ina zuwa bayan La'asar. Akwai mai famfon haya kusa da Dakace? Namu robarsa ta tsage.

Ɗan Giwa: Nawa na hannun ƙanena a Tudun Wada, ka bi ta can ka karɓa. Ka wanke shi da omo sosai, maganin ciyawa aka fesa da shi jiya.