Shawarwarin da Muka Tattara kan Farkon Wasan Age of Empires

Daren Asabar a teburin mai shayi a Unguwar Rogo, sanyin Jos na kaɗawa, muka baje hirar Age of Empires na 1997, wasan kwamfuta da ake gina gari a yaƙi abokin gaba. Ga abin da na tsinta.

Baki ya zo ɗaya kan manoma, wato ma'aikatan da ke tara abinci da katako su yi gini. Da mutum 3 ake farawa, kowane ƙari abinci 50 ne, don haka kada cibiyar gari, ginin da ke fitar da su, ta huta ko na daƙiƙa. Gida na cin katako 30, mutum 4 kawai yake ɗauka. Gina shi kafin wuri ya cike. Rumbu kuwa a manna shi jikin 'ya'yan itace, don doguwar tafiya da kaya asara ce. Nan na daɗe ina kuskure, wallahi ya ci mini wasanni da yawa.

Gardama ta kaure kan yaƙi. Wani ya ce da ka biya abinci 500 ka shiga zamani na biyu, tura mahara su tarwatsa masu saran itacen abokin gaba. Babban yayanmu ya ce: "A'a ƙanena, haƙura ka ƙara tara abinci 800, ka shiga zamani na uku, na tagulla, ka fito da maharba a keken doki." Ni dai bayansa nake, musamman in Masarawa ka ɗauka a cikin al'ummomin wasan.