Hannun ɗana na kumbura, likita ya ce amosanin jini ne, a gida an ce nonona ne

Wata ƴar'uwa daga Garin Malam a Damagaram, ta ce a sakaya sunanta:

Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwana. Don Allah ku taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ɗana na uku ne, watansa 11 yanzu. Lafiya lau na haife shi, har ya kai wata shida ba abin da ke damunsa in ban da ƴar mura. Daga nan abu ya taso. Sai bayan hannunsa da na ƙafarsa su kumbura su yi suntum, yatsun su yi ɓul-ɓul, in ka taɓa rau da zafi. Kwana yake yana tsala ihu, ko zanen goyo ya goge wurin sai kukan ya ƙaru. Bayan ƴan kwanaki kumburin ya saɓe, mu ce an rabu, sai ya dawo. Farin idonsa ya yi ɗorawa-ɗorawa, tafin hannunsa fari fat.

Maigidana ɗan gwaggona ne, gida ɗaya muke da ita. Gwaggo ta ce ciwon shawara ne, aka yi ta jiƙa masa sassaƙe. Maƙwabciyata ta ce haƙori ne. Wata ta ce sanyi na ɗauka ina da cikinsa. Da hunturun nan ya shigo jikin ya rikice, muka kai shi likita, aka ƙara masa jini, aka ce amosanin jini ne, wanda ƴan Najeriya ke kira sikila. Rabin bayanin da Faransanci aka yi shi, ni kuma hankalina na kan yaro. Yanzu Gwaggo ta ce nonona ne marar kyau, in yaye shi, kuma ciwon daga dangin uwata ya fito tunda su ba su san shi ba. Me ke kawo wannan ciwo? Shawarar da rashin jinin da kumburin, kowanne ciwo ne daban? In yaye shi? Kuma in gado ne, me ya sa yayyensa biyu lafiyarsu lau?

Wata Inna daga Birni:

Ɗiyata, sannu. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Sauran tambayoyin na bar wa masu ilimin abin, amma yaye kam kada ki soma. Yaron da ba jini a jikinsa, ki raba shi da nono, me zai riƙe shi? Koko?

Wani ɗan'uwa daga Mirriya:

Allah ya sawwaƙe. Akwai wani mai magani a wajenmu, an ce kwalba uku yake bayarwa SS, wato mai ciwon, ya koma AA, wato jinin mai lafiya. In kina so in haɗa ki da shi.

Ma'aikacin jinya, Sabon Gari:

Ɗan'uwa na Mirriya, ka yi haƙuri, amma kada ka haɗa ta da kowa. Ba jiƙon da ke maida SS ya zama AA. Kuɗinta za a ci, yaro kuma ya sha abin da ba a san aikinsa a hanta da ƙoda ba.

Maman yaro, ki kwantar da hankali ki karanta a tsanake. Abubuwan nan da kika lissafa ciwo ɗaya ne, alamominsa ne suka fito ta wurare daban-daban. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iskar numfashi ko'ina a jiki. Na mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna lanƙwasawa su ratsa ƙananan jijiyoyi, kuma kowace ƙwaya takan yi kwana kamar 120 kafin ta mutu. Na mai amosanin jini, da zarar iska ko ruwa ya yi ƙaranci a jiki, sai su sandare su lanƙwashe kamar lauje. Daga nan matsala biyu ke tasowa. Ta farko, ba sa daɗewa, kwana 10 zuwa 20 sun fashe, ɓargo kuma ba ya iya maye gurbinsu da sauri. Shi ne rashin jinin da farin tafin hannu. In sun fashe kuma suna sakin wani sinadari ruwan ɗorawa, ya yi wa hanta yawa ta kasa kwashe shi duka, sai ya fito a ido. To ga shawarar da Gwaggo ta gani. Ba ta yi ƙarya ba, idon ya canza, sai dai canzawar ido alama ce kawai. Ciwon hanta na ƙwayar cuta irin su hepatitis B yana kawo ta, palu, wato zazzaɓin cizon sauro, mai tsanani yana kawo ta, fashewar jini irin na ɗanki ma haka, kowanne kuma maganinsa daban. Matsala ta biyu, sandararrun ƙwayoyin nan suna cushewa su toshe ƙananan jijiyoyi, wurin da jini bai kai ba sai ya kama azabar ciwo. Ga jarirai a ƙasusuwan hannu da ƙafa yake fara bayyana, in sun girma ya koma baya, ƙirji, cinya da gaɓoɓi.

Da kika ce sai da ya kai wata shida abin ya fara, haka ciwon yake. Jariri na zuwa duniya da wani nau'in jini na cikin mahaifa wanda ba ya lanƙwashewa, shi ke kare shi a watannin farko. In ya fara raguwa, wajen wata biyar zuwa shida, sai ciwon ya fito fili. Da shi aka haife shi tun ranar farko. Ba nono ba ne, ba abin da kika ci da ciki ba ne, ba kuma a ɗaukarsa wajen wani. Sanyi ba ya haifar da shi, tayar da shi yake yi, shi ya sa hunturu ya fi wahalar da su.

Batun gado kuwa, yaro ba ya zama SS sai ya gaji S, wato irin ciwon, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ba yadda za a yi ya fito daga gefe guda. Mai AS, wato wanda ya gaji S ɗaya kawai, lafiyarsa lau, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da shi ba, shi ya sa Gwaggo za ta rantse ba su da shi kuma ita a wajenta gaskiya ta faɗa. In AS ya auri AS, a kowane ciki yiwuwar SS kashi ɗaya ne cikin huɗu, AS kashi biyu, AA kashi ɗaya. A kowane ciki na ce. Ba wai in kin haifi huɗu ɗaya ne kawai zai fito da shi ba. Wata ta haifi shida ba ko ɗaya, wata uku a jere. Yayyensa ƙila AA ne ko AS, gwaji ne zai nuna.

Wani Alhaji daga Zango:

Duk wannan dogon bayani, auren zumunci ne ya jawo. Mun daɗe muna faɗa ba a ji. Da bare ta aura da ba a yi haka ba.

Wata malamar makaranta, Kara-Kara:

Alhaji, da girmanka, wannan magana ba ta cika ba. Ni SS ce, shekarata 29. Babana mutumin Gure ne, uwata daga Tasawa, ko a mafarki ba su haɗa dangi ba. Gaskiya ne in S na cikin zuri'a, auren gida na ƙara yiwuwar masu shi biyu su haɗu. Amma masu AS sun yi yawa a ƙasashenmu, har bare da bare ma haɗuwa suke kullum. Dalilin yawan kuwa, mai AS ya fi jure wa palu mai tsanani tun yana yaro, sai irin ya yaɗu a inda sauro ya yi yawa, har Indiya da gabashin Saudiyya akwai shi. Abin dubawa kafin aure sakamakon gwaji ne. Jihar Kano ma a 2024 ta yi doka sai an yi gwajin kafin a ɗaura aure. Ita kuma baiwar Allah nan aurenta ya riga ya ɗauru, ƴaƴa uku, ba wannan ta tambaya ba.

Ƴar'uwa, abin da nake so ki ji daga bakina: an sha gaya wa uwata ba zan kai shekara goma ba. Ga ni ina koyarwa. Ina shan wuya, ba zan ɓoye miki ba, akwai daren da nake jin kamar ana sara mini ƙashi. Amma yaron da aka gano ciwonsa tun bai shekara ba, aka kama kula da shi, ya fi mu sa'a nesa ba kusa ba.

Mai aikin labo, ɗakin gwajin jini:

Tambaya ɗaya, Maman yaro. Jinin da aka gwada, kafin ƙarin jini aka ɗiba ko bayansa? In bayansa ne, jinin wanda ya bayar ya gauraya da nasa, sakamakon na iya ruɗarwa, sai an jira kamar wata uku a sake. Kuma duba takardar ki ga wane gwaji ne. In an rubuta Emmel, shi kawai yana nuna akwai S a jini, ba ya raba AS da SS. Wanda ke rabewa shi ne elektroforez, shi ne kuma ke nuna in SC ne, wato S ya haɗu da wani iri da ake kira C, wanda shi ma ciwo ne amma galibi ya fi SS sauƙi. Elektroforez ɗin za ku yi ke da maigida da yaran duka.

Wata uwa daga Zango:

Nawa ɗan shekararsa 14, ga abin da zama da ciwon ya koya mini. Ruwa shi ne na farko. Yanzu nono da ruwa mai tsabta a kai a kai, kada ki jira ya nema. Zafin Afrilu da Mayu ya fi ba ni tsoro ma a kan hunturu, ga zufa ga wahalar ruwan garin nan, yaro ya bushe ba ki sani ba. Da sanyi kuwa safa da hula tun la'asar, wanka da ruwan ɗumi sai rana ta ɗaga, kada a fita da shi a kabu-kabu da asuba iska na dukansa. In hannun ya kumbura, tsumma mai ɗumi nake sawa, ba ƙanƙara ba, in ba shi parasetamol daidai awon da likita ya rubuta. Kada ki bari wanzami ya yi masa tsaga ko sakiya a wurin, ba mugunya ba ce a ciki.

Ki sayi abin awon zafin jiki a farmasi. In ya kai 38.5, ko tsakar dare ne, likita za ki nufa, kada ki ce bari gari ya waye. Saifarsu ba ta aiki sosai, ƙwayar cutar da wani yaro zai sha da ita a tsaye, su tana iya kayar da su cikin yini ɗaya. Haka in ya yi fari fat farat ɗaya ya yi laushi, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ko numfashinsa na sama-sama, ko hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, ko bakinsa ya karkace. Ki ce ma a nuna miki yadda ake lalubar saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ni wata ma'aikaciya ta kama hannuna ta ɗora a cikinsa har na gane.

Sange kowane dare, ba sai da damina ba. Maganin rigakafin palu da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, kada ya wuce shi. Karnen rigakafinsa ya cika. Nawa an ɗora shi a kan folik asid, da penisilin kullum har ya shekara biyar. Daga baya da ciwon ya yawaita aka sa shi a hidroksiyuriya, ya rage masa tashin ciwon ƙwarai, amma wannan sai likita, don ana bin sa da awon jini. Siro ɗin ƙarin jini mai ƙarfe da ake saye a kasuwar Dole ko wajen masu tebur, kada ki ba shi sai an rubuta. Rashin jininsu ba na ƙarancin ƙarfe ba ne, kuma wanda ake yi wa ƙarin jini ƙarfen taruwa yake a jikinsa.

Ma'aikacin jinya, Sabon Gari:

Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, a samu likitan yara guda da zai riƙa bin sa ko lafiyarsa lau, a Babban Asibitin Damagaram ko cibiyar uwa da yaro. Akwai kuma cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a Yamai in an buƙaci turawa. Ana iya warkewa gaba ɗaya da dashen ɓargo, amma aiki ne mai tsada da haɗari da ake fita waje a yi, ba kowa ya dace da shi ba. Maganar haihuwa a gaba kuma ki bari sakamakonku ya fito, ku zauna ke da maigida da likita.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, Emmel aka rubuta, kuma kafin ƙarin jinin aka ɗiba. Na karanta wa maigida duk abin da kuka rubuta, ya yi shiru, daga baya ya ce zai je a gwada shi. Matsalata Gwaggo. Yau ma ta aiko da jiƙon a kwanon sha, ta tsaya sai ta ga na ba shi, na ce barci yake. Ba zan iya kallon idonta in ce ɗanta ma yana da shi ba.

Wata Inna daga Birni:

Ɗiyata, ba ke za ki faɗa ba, ba bakinki ba ne. In kika faɗa, ta ce kin yi mata rashin kunya, magana ta koma kan uwarki. Ki bari takardar ɗanta ta fito, shi ya shiga ɗakinta ya gaya mata su biyu. Ranar komawa likita kuma ki roƙe ta ta raka ki, ki ce ba ki iya riƙe bayani ke kaɗai, ki ba ta yaron ta riƙe, ki ce wa likitan ya yi da Hausa. Jiƙon kuwa ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce likita ya hana a haɗa da nasa maganin har a koma. Shi maigidan naki ya faɗa mata hakan yau da dare, kafin ta sake jiƙa na gobe.