Tara kalmomin Turanci kafin jarrabawar shiga NDA

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ƙanena zai rubuta JAMB bana, NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, yake son shiga. Yana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma tashin Legas ne, bakinsa ya iya Turanci. Amma in ya zauna da tsofaffin tambayoyi, wajen zaɓen kalma mai ma'ana ɗaya ko kishiyarta yake zubar da maki. Saura wata uku. Ta ina zai kama?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar yaranmu na nan ke nan: Buroka ya zauna musu a baki, sai su ɗauka sun iya Turanci. Na kasuwar Mile 12 daban, na jarrabawa daban.

Kada ya haddace jerin kalmomi tsirara, kwana biyu za su zube. Ya sayi littafin rubutu, ya raba kowane shafi gida uku: kalma, jimlar da ya tsince ta a ciki, sai makusanciyarta da kishiyarta. Kalma 10 a rana ta isa. In ya kwashi 50, ba zai iya komawa kansu ba, kuma komawar ita ce karatun: washegari, bayan kwana 3, bayan mako, sannan bayan wata. A wata uku ya tara 900.

Jimlar nan ita ce gishirin abin, domin a cikin jimla ake tambayar kalma, kuma ma'anarta kan sauya. Wajen samo kalmomin, sharhin edita na jaridar Punch ko Guardian, ɗaya a kullum, da ƙamus na Turanci zalla mai kawo misalai.

Baban Ummi, Obalende:
Malam ya gama magana, sai dai in ƙara ɗafa-goshi: un-, dis-, mis-, im-, ir-. Wanda ya gane su zai iya cankar kalmar da bai taɓa gani ba. Amma akwai tarko. Invaluable ba mara daraja ba ne, mai tsananin daraja ne, inflammable kuma abu ne mai saurin kama wuta. Irin waɗannan masu shirya tambaya ke farauta.

Ya ware shafi ɗaya domin masu kama da juna: personal da personnel, moral da morale, corps da corpse. Mai neman aikin soja dole ya raba su. Sannan mu Hausawa P da F na rikita mu har a rubutu, ya riƙa furta pull da full yana rubutawa.

Hajiya Mai Lesin:
Ni ban yarda a tsaya ga littafin rubutu kaɗai ba, ɗana. JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci ya kwashi 60. Daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya, a kwamfuta kuma. Daga wata na biyu ya fara amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, ranar Asabar ya je cibiyar gwaji ta kwamfuta. Duk tambayar da ya faɗi, ya kwashe zaɓin huɗun duka ya zuba a littafinsa, ba amsar kawai ba, tunda su ma sukan dawo. Littafin kuma ya adana shi, bayan JAMB akwai jarrabawar tantancewa ta NDA ɗin kanta.