Shin Roger Williams ya cancanci a kira shi uban 'yancin addini a Amurka?

Malam Bashir: Assalamu alaikum. Jiya na ce Roger Williams ne ya fara kafa gari a Amurka inda hukuma ba ta da hurumin tambayar mutum yadda yake bauta, Hajiya Rabi ta ce yabon ya yi yawa. Ga hujjata. Malamin coci ne ɗan Landan, ya sauka Boston a 1631. 'Yan Furitan, wato Kiristoci masu tsattsauran ra'ayi, masu mulkin yankin Massachusetts inda Boston take, su ma tsangwama suka gudo wa daga Ingila, amma da suka samu wuri sai suka mai da zuwa coci tilas. Shi kuwa ya ce alƙali ya hukunta ɓarawo da mai kisa, amma abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba nasa ba ne. Ya ƙara da cewa Sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar da ke da masu ita. A Oktoban 1635 aka yanke masa hukuncin kora. Da ya ji za a sa shi a jirgi a mai da shi Ingila, sai ya sulale a Janairun 1636, cikin ƙanƙara, jiki ba lafiya, ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana a Salem. Mutanen ƙabilar Wampanoag, 'yan asalin ƙasar, su ne suka ba shi masauki. A shekarar ya samu fili daga sarakunan ƙabilar Narragansett, Canonicus da Miantonomi, ya kafa garin Providence.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, wahalar da ya sha ba na musun ta. Amma kana nuna shi kamar mai sauƙin kai, alhali ya fi waɗanda suka kore shi tsauri. Da zuwansa aka ba shi aikin koyarwa a cocin Boston, ya ƙi, wai ba su raba gari da Cocin Ingila ba. Yana cikin waɗanda suka kafa cocin Baftis na farko a ƙasar, 'yan watanni kaɗan ya fice, bai sake shiga wani coci ba har ya mutu a 1683. 'Yan Kweka kuwa, wata ɗariƙa ta Kiristoci, littafi guda ya rubuta yana caccakar su. Ina haƙurin yake?

Aminu: Hajiya, ai nan darajarsa take. Wanda bai damu da addini ba, ba wuya a gare shi ya ƙyale kowa. Shi ya yi imani 'yan Kweka ɓatattu ne, amma dubi abin da ya yi. A 1672, yana dab da shekara 70, ya shiga kwalekwale ya tuƙa da hannunsa wajen mil 30, daga Providence zuwa Newport, don kawai ya yi muƙabala da su baki da baki. A Boston kuwa rataye su aka yi, mutum huɗu tsakanin 1659 da 1661, ciki har da mace, Mary Dyer. Tsakanin mai ɗaukar filafili da mai ɗaukar igiya akwai tazara.

Kabiru: Ni tambayata, ba Maryland ce ta yi dokar sassaucin addini a 1649 ba?

Malam Bashir: Ta yi, ƙanena, amma Kiristoci masu aƙidar Allah uku cikin ɗaya kaɗai ta rufa wa asiri, wanda ya musanta aƙidar hukuncinsa kisa ne a rubuce. Williams tun 1644 ya buga littafi a Landan yana cewa a bar maguzawa da Yahudawa da Turkawa su yi ibadarsu, Turkawa kuwa a bakin Turawan lokacin Musulmi ake nufi. Majalisar Ingila ta sa aka ƙone littafin. A 1655 ya rubuta wa mutanen Providence wasiƙa ya kawo misalin jirgin ruwa ɗauke da Katolika da Furotesta da Yahudu da Musulmi: kada a tilasta wa kowa zuwa addu'ar jirgin, kada a hana shi tasa, amma kowa ya bi umarnin shugaban jirgi a kan tafiya da zaman lafiya. Ranar da na fara cin karo da wannan sai ayar "La ikraha fid-din" ta faɗo mini.

Hajiya Rabi: Na karɓi wannan, Allah ya ƙara ilimi. To amma mu zo kan 'yan asalin ƙasar da suka karɓe shi. Ya koyi harshen Narragansett, har ya buga littafi a kansa a 1643, haka ne. Amma a yaƙin Turawa da ƙabilar Pequot shi ne ya lallashi Narragansett kada su haɗa kai da Pequot, abin da ya biyo baya kuma shi ne kisan Mystic na 1637, inda Turawa suka cinna wa garin Pequot wuta da mata da yara a ciki. Bayan yaƙin Turawa da sarkin Wampanoag da ake kira Sarki Philip, a 1676 yana cikin kwamitin da ya sayar da fursunonin 'yan asalin ƙasa su yi bauta na shekaru. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Mutumin da ya ce ba a tilasta wa zuciya, ya sa hannu an sayar da jiki.

Aminu: A watan Maris na shekarar mayaƙan 'yan asalin ƙasa sun ƙone Providence, har da gidansa.

Hajiya Rabi: Yaran da aka sayar ba su suka kunna wutar ba, Aminu.

Malam Bashir: Ba zan kare shi a nan ba, Hajiya. Ya yi, kuma zalunci ne. Iƙirarina a kan addini ya tsaya. Takardar da Sarki Charles na Biyu ya ba Rhode Island, yankin da Providence take, a 1663 ta ce ba za a tsangwami kowa kan bambancin ra'ayin addini ba.

Kabiru: Malam, wannan takardar John Clarke, wakilin Rhode Island, shi ne ya zauna a Landan sama da shekara goma kafin ya samo ta. Shi ma ya kamata a ambace shi.

Hajiya Rabi: To a gyara maganar. A ce yana cikin na farko da suka hana hukuma shiga ibada, zan sa hannu. Amma duk inda aka kira shi uba, a rubuta 1676 kusa da 1636.

Malam Bashir: 1676 na yarda a rubuta. "Yana cikin na farko" ne ban yarda ba tukuna, sai an kawo mini sunan garin da ya riga Providence.