An ɗauke jami'in da ke duba ƙorafina kan kuɗin fito, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Kwantenata ta iso, jami'an Kwastam suka ce farashin da ke takardar sayen kayana ya yi ƙasa, aka ƙara mini kuɗin fito. Na rubuta ƙorafi, jami'in da ke riƙe da fayil ɗin ya ce hujjata ta gamsar da shi. Sai ga shi an yi masa canjin wurin aiki, hukuncin ya koma hannun wani. Sabon bai san ni ba, kuɗin ajiyar kwantenar a tasha kuma kullum hawa yake. In sake sabon ƙorafi ne, ko in biya in huta?

Wani ejan mai fito da kaya daga hannun Kwastam: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sake sabo, za ka koma bayan layi. Wancan jami'in ya rubuta abin da ya faɗa maka a cikin fayil? In da baki ne kawai, ya tafi da abinsa. Rubuta wa Kwanturola, wato shugaban Kwastam na yankin, wasiƙar tuni, ka sa lambar fayil da ranar ƙorafin farko, ka haɗa Form M (takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki), PAAR (rahoton ƙimanta kaya da Kwastam ke bayarwa kafin su iso) da shaidar kuɗin da ka tura ta banki. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

Wata lauya: Alhaji, ikon yanke hukunci na kujera ne, duk wanda ya hau ya gaji fayil ɗin. Ka nemi a ba ka hukuncin a rubuce tare da dalili, don da shi za ka ɗaukaka ƙara har gaban Kwanturola Janar. Dokar Kwastam ta 2023 ce ke aiki yanzu. Idan abin ya kai kotu, Babbar Kotun Tarayya za ka je, kamar yadda sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Sannan yarjejeniyar ƙimanta kaya ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Najeriya ke ciki tun 1995, ta yarda a saki kaya bisa jingina kafin a gama tantance farashi. Ka nemi wannan.

Wani dattijon Kwari: Ɗana, yi lissafi tukuna. In kuɗin ajiya zai zarce ƙarin da aka yi maka, ka biya ta banki, ka rubuta cewa ba ka amince ba. Kuma kada ka ba kowa ko sisi don ya "taɓa" maka sabon jami'in.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Barista, jinginar ta banki ce ko ta kamfanin inshora?